Asusun tsaron Arewa: Kafin a tara biliyoyin, a faɗa wa 'Yargalma wa zai ɗauki me

A watan Janairun 2022, jaridu suka ruwaito cewa 'yan bindiga sun aika wa garuruwa tara na Ƙaramar Hukumar Bukkuyum a Jihar Zamfara wasiƙu, kowane gari da kuɗin da aka yanka masa, ya biya ko a far masa. 'Yargalma na cikin jerin.

Wani abin lura a wasiƙun shi ne kuɗin ba ɗaya ba ne. Wani garin an ɗora masa miliyoyin Naira, wani kuma abin da aka nema a wurinsa bai kai haka ba. Ma'ana, ɓarayin sun zauna sun auna ƙarfin kowane gari kafin su yanka masa haraji.

Kusan shekara huɗu bayan haka, ranar 1 ga Disamban 2025, gwamnonin jihohin Arewa 19 da sarakunan yankin suka yi taro a Kaduna, suka sanar da kafa asusun tsaro na yanki. Kowace jiha, tare da ƙananan hukumominta, za ta riƙa zuba Naira biliyan ɗaya duk wata, a cire kuɗin tun daga tushe, bisa tsarin da za a amince da shi. Idan kowa ya cika, biliyan 19 ke nan a wata, biliyan 228 a shekara.

Mataki ne da ya cancanci yabo, domin an daɗe ana taro a watse ba tare da an sa hannu a aljihu ba. Sai dai daga ranar da jihohi suka haɗa kuɗi don yaƙar abokin gaba ɗaya, sun shiga ƙawancen tsaro ke nan, ko sun kira shi da wannan suna ko ba su kira ba. Kowane ƙawancen tsaro kuwa, daga NATO har rundunar Tafkin Chadi, tambayoyi biyu ne ke riƙe shi ko su rusa shi: wa zai ɗauki wane nauyi, kuma wa za a shigar, bisa wane sharaɗi?

Iyaka ta raba gwamnati, ba ta raba daji ba

Duk wanda ya san yammacin Zamfara ya san abin da ya sa jiha ɗaya ba za ta iya wannan yaƙi ita kaɗai ba. Gummi na iyaka da Kebbe ta Jihar Sakkwato da kuma masarautar Zuru ta Jihar Kebbi. Bukkuyum na maƙwabtaka da Danko-Wasagu ta kudu. Anka kuwa ta jingina da Maru, wadda dazukanta suka miƙe har iyakokin Kaduna da Neja.

Har zuwa 1991, Gummi da Kebbe da Zuru da Anka gwamna ɗaya ke mulkinsu daga Sakkwato. A shekarar aka cire Kebbi, a 1996 aka cire Zamfara. Yau gwamnoni uku ne, kwamishinonin 'yan sanda uku, kasafin kuɗi uku. Dajin kuwa yana nan yadda yake, kuma ɗan bindiga a kan babur ba ya tsayawa a bakin Gulbin Ka ya tambayi ko ya shiga wata jiha.

An ga sakamakon wannan a 2021. A watan Satumba, zamanin Gwamna Bello Matawalle, aka katse layukan waya a faɗin Zamfara, aka rufe kasuwannin mako-mako, aka taƙaita sayar da man fetur. Katsina da Sakkwato da Kaduna sun bi sahu wajen katse waya, amma kowacce a nata lokacin, kuma a wasu ƙananan hukumomi kaɗai. Gwamnan Sakkwato na lokacin, Aminu Waziri Tambuwal, ya yi ta kokawa cewa waɗanda aka fatattako daga Zamfara jiharsa suke kwararowa. A watan Oktoba aka kai hari kasuwar Goronyo, aka kashe fiye da mutum 40.

Tsakanin 4 zuwa 6 ga Janairun 2022, kwanaki kaɗan bayan jiragen yaƙi sun yi luguden wuta a dazukan Birnin Magaji da ke gabashin Zamfara, sai ga 'yan bindiga a ƙauyukan Anka da Bukkuyum da ke yamma. Gwamnatin jiha ta ce mutum 58 aka kashe. Ma'aikatar Jin Ƙai ta Tarayya ta ce sama da 200 aka binne, fiye da 10,000 kuma suka rasa matsuguni. Wata biyu bayan nan aka yi wa 'yan sa-kai kwanton ɓauna a masarautar Zuru, aka kashe fiye da 60. A Nuwamban 2025 kuma aka shiga makarantar 'yan mata ta Maga a Danko-Wasagu, aka kwashe ɗalibai 25.

Labarin ɗaya ne yake maimaita kansa: a matsa nan, ya ɓulla can. Hausawa na cewa idan gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. A wannan yanki gemun ma ɗaya ne.

Waɗanda ke biya tun kafin a buɗe asusu

Idan ana zancen raba nauyi, hankali kan tafi ga Naira. Amma akwai waɗanda suka daɗe suna zubi ba tare da an rubuta sunansu a kowane littafi ba.

Manomin 'Yargalma da ke biyan kuɗi kafin ya shiga gonarsa, ya sake biya kafin ya kwashe amfani, yana zubi. Garin Anka da ya yi shekaru yana karɓar 'yan gudun hijira, har wasu suka zauna a harabar sabuwar fadar sarki da ba a kammala ba, yana zubi. Matar da mijinta ya fita da bindigar gida ya tare hanya bai dawo ba, ta yi zubin da ba mai iya biyan ta.

A ranar 31 ga Janairun 2024, Gwamna Dauda Lawal ya ƙaddamar da Askarawan Zamfara, su fiye da 2,600. Idan aka raba su daidai tsakanin ƙananan hukumomi 14, kowacce ba ta samu 200 ba. Waɗannan matasa 'ya'yan garuruwan nan ne, kuma su ne kan fara cin karo da mahara kafin motar soja ta iso. Katsina ta kafa tata rundunar a Oktoban 2023, Sakkwato ta kafa tata a 2024, kowace jiha kuma ita ke ɗaukar albashi da babura da jinyar nata.

Ƙasar Zamfara ta san abin da ke faruwa idan aka bar wa mai masauki nauyi shi kaɗai. Masana tarihi sun rubuta cewa a 1805 jama'ar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ta sauka a Sabon Gari cikin ƙasar Zamfara, kuma Zamfarawa da dama sun karɓe ta hannu bibbiyu saboda abokin gabansu ɗaya ne. Ba a daɗe ba yunwa da ɗawainiyar ciyar da runduna suka ɓata tsakani. Abokin gaba bai canza ba, nauyin ne ya fi ƙarfin masu ɗauka.

'Yargalma ita ma tana da nata darasin na kusa. A 2010 gubar dalma daga aikin zinare ta kashe yara fiye da 400 a Anka da Bukkuyum. Aka yi taron dangi: ƙungiyar likitoci ta MSF ta ɗauki magani, ƙwararru daga waje suka jagoranci kwashe gurɓatacciyar ƙasa, gwamnatin jiha da masarautu suka ba da hannu. 'Yargalma da Dareta na cikin garuruwan farko da aka tsabtace a shekarar. Bagega kuwa sai a 2013, domin kuɗin da Gwamnatin Tarayya ta yi alƙawari bai fito da wuri ba, kuma magani ba ya amfani ga yaron da zai koma wasa a kan ƙasar da ta sa masa cutar. Ɓangare ɗaya ne ya makara da nasa kason, yaran Bagega suka biya.

Yadda NATO ta yi da rigimar zubi

Rigimar wa ke biya ba ta bar manya ba. An kafa ƙungiyar tsaro ta NATO a 1949 da ƙasashe 12, yau suna 32. Sashe na 5 na yarjejeniyarta ya ce hari a kan ɗaya hari ne a kan duka, kuma sau ɗaya tak aka taɓa aiki da shi, bayan harin 11 ga Satumban 2001 a Amurka.

Duk da haka, shugabannin Amurka sun yi shekaru suna ƙorafin cewa ƙasarsu ce ke ɗauke da kusan kashi biyu cikin uku na kuɗin da ƙasashen ƙungiyar ke kashewa a harkar soja. A taron Wales na 2014 aka amince kowace ƙasa ta nufi kashe kashi 2 cikin 100 na ƙarfin tattalin arzikinta a kan tsaro. A shekarar, ƙasashe uku ne kawai suka kai: Amurka da Birtaniya da Girka. Bayan Rasha ta afka wa Ukraine a 2022 adadin ya ƙaru sosai, har a taron Hague na Yunin 2025 aka ɗaga ma'aunin zuwa kashi 5 nan da 2035, Sifaniya na jan ƙafa.

NATO ba ta kashe rigimar ba, amma ta yi abu uku da suka hana ta fasa ƙungiyar. Ta sa ma'auni bisa ƙarfin kowa, ba ta ce Amurka da Albaniya su kawo kuɗi ɗaya ba. Tana fitar da alƙaluma duk shekara, kowa ya ga wanda ya cika da wanda ya gaza. Sannan ta yarda cewa gudummawa ba kuɗi kaɗai ba ce: Iceland ba ta da rundunar soja, amma wurin da take zaune a tsakiyar teku shi ne kasonta.

Darasin Tafkin Chadi

Misalin da ya fi kusa da gida shi ne rundunar haɗin gwiwa ta MNJTF. Najeriya ce ta fara ta a 1994, aka shigar da Chadi da Nijar a 1998, aka sake mata fasali a 2015 da Kamaru da Benin a ciki, hedikwata a Ndjamena. Shugaba Muhammadu Buhari ya yi alƙawarin Dala miliyan 100 domin ta tsaya da ƙafarta, kuma ta taimaka wajen ƙwato garuruwa da dama daga hannun Boko Haram.

Amma bayan an kashe sojojin Chadi kusan 100 a Bohoma a Maris na 2020, Shugaba Idriss Deby ya fito fili ya ce ƙasarsa ce kaɗai ke ɗauke da nauyin yaƙin. A ƙarshen 2024, bayan wani harin da ya kashe sojoji kusan 40 a Barkaram, ɗansa Mahamat Deby ya yi barazanar ficewa bisa irin wannan ƙorafi. A Maris na 2025 Nijar ta fice, ta ce za ta mayar da hankali ga tsaron rijiyoyin manta.

Rundunar G5 Sahel ma haka ta ƙare. Ta dogara da alƙawuran kuɗi daga ƙasashen waje, kuɗin suka riƙa zuwa a makare. Mali ta fita a 2022, Burkina Faso da Nijar suka bi ta a ƙarshen 2023.

A duka misalan biyu, ƙawancen ya fara tsagewa ne daga ranar da wani ya ji cewa shi ke zubar da jini, saura na zuba ido. Ko ƙorafin gaskiya ne ko akwai siyasa a ciki, babu wani rubutaccen ma'auni da za a buɗe a ce ga abin da kowa ya ɗauka. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Biliyan ɗaya-ɗaya: daidai ne, amma adalci ne?

Masu kare tsarin biliyan ɗaya-ɗaya na da hujja. Lissafinsa mai sauƙi ne, ba ya buɗe ƙofar gardama, kuma cire kuɗi tun daga tushe na hana gwamna ya yi alƙawari a Kaduna ya manta a hanya. A wannan ɓangaren gwamnonin sun fi NATO dabara, domin ita ba ta da hanyar tilasta wa kowa.

Sai dai Naira biliyan ɗaya a hannun Kano ko Kaduna ba ɗaya take da biliyan ɗaya a hannun Zamfara ko Yobe ba. Kuɗin shigar da Kano da Kaduna ke tarawa a cikin gida ya ninka na waɗannan jihohi. Zamfara kuma tana biyan Askarawa, tana ɗawainiya da 'yan gudun hijira, tana asarar harajin kasuwanni da gonakin da aka ƙaurace wa. A ce ta kawo daidai da jihar da ba a taɓa rufe mata kasuwa saboda 'yan bindiga ba, an ɗora wa mai ɗauke da kaya wani kayan ne. Abin kunya ne a ce ɓarayin da suka rubuta wa 'Yargalma wasiƙa sun fi gwamnoni kula da bambancin ƙarfin masu biya.

Haɗari na biyu ya fi wannan girma, wato a mayar da asusun adashi. A adashi kowa na zubi ne yana jiran ranar kwasarsa, kuma abin da ya zuba shi zai ɗauka. Idan kowane gwamna ya shiga da wannan tunani, za a raba biliyan 19 gida 19, kowa ya koma da abin da ya kawo bayan an cire kuɗin ofis da na taro. Asusun tsaro gayya ya kamata ya zama: a taru a gonar da ciyawa ta fi ci, gobe a koma ta wani.

Sai batun wanda ke ba da umarni. Kundin tsarin mulki ya sa soja da 'yan sanda a hannun Gwamnatin Tarayya. Rundunar Fansan Yamma da aka kafa a 2024 domin yankin Arewa maso Yamma daga hedikwatar tsaro take karɓar umarni. Jihohi na sayen motoci da mai, amma ba su ke cewa a je nan ko a tsaya can ba. Bayan sace ɗaliban Maga, Gwamna Nasir Idris na Kebbi ya fito a bainar jama'a yana tambayar wanda ya ba da umarnin janye sojoji daga makarantar jim kaɗan kafin harin. Idan gwamna na irin wannan tambaya a kan abin da ya faru a jiharsa, wajibi ne a fayyace abin da biliyoyin za su saya, da kuma bakin maganar da masu biya za su samu.

Ƙananan hukumomi ma haka. Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a Yulin 2024 cewa kuɗinsu nasu ne. Idan za a taɓa kason Bukkuyum da Anka da Gummi, to ya zama suna da kujera a inda ake yanke shawarar kashe shi. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Ƙofofi uku na ƙara mambobi

Sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi, amma kowane sabon mamba da nasa kayan yake shigowa. Da Finland ta shiga NATO a Afrilun 2023 ta zo da ƙwararriyar runduna, ta kuma zo da iyakar da ta haura kilomita 1,300 da Rasha, wadda yanzu kare ta ya hau kan kowa. Sweden ta jira har Maris na 2024 saboda Turkiyya da Hungary sun ƙi sa hannu da wuri, domin doka ta ce sai kowa ya yarda ake shigar da baƙo. A Arewa ƙofofi uku ne ke buƙatar irin wannan taka-tsantsan.

Ta farko ita ce ta jihohi. Jihohi bakwai na Arewa maso Yamma ba su isa ba, domin Neja ba ta cikinsu, alhali dazukanta a haɗe suke da na Zamfara da Kebbi da Kaduna. Amma jihohi 19 ba yaƙi ɗaya suke yi ba. Borno da Yobe na fama da Boko Haram da ISWAP, Binuwai da Filato na da rikicin da ya shafi ƙasa da kiwo, Kwara da Kogi kuma yanzu matsalar ke shigar su. Mafita ita ce a faɗaɗa wajen tara kuɗi da musayar bayanan sirri, a taƙaita wajen aiki. Zamfara da Kebbi da Sakkwato da Neja da Katsina da Kaduna na buƙatar teburinsu na daban, inda za a tsara farmaki a rana ɗaya, a toshe hanyoyin tsira a rana ɗaya.

Ta biyu ita ce ta masu ɗauke da makami da ba sojoji ba. 'Yan sa-kai sun ceci garuruwa da yawa, wannan ba a musu. Haka kuma ba a musun cewa kashe-kashen da wasunsu suka yi wa Fulani a kasuwanni da rugage ba tare da shari'a ba na cikin abin da ya hura wutar rikicin. Kwamitin da tsohon Sufeto Janar na 'Yan Sanda M.D. Abubakar ya jagoranta a Zamfara a 2019 ya zargi wasu masu riƙe da sarauta da wasu jami'an tsaro da haɗa baki da ɓarayi. Don haka tantancewa ta shafi kowa, daga mai kaki har mai rawani. Kuma makiyayin da ba ya ɗauke da bindiga, wanda shi ma aka kore wa shanu, yana da haƙƙin zama cikin ƙawancen. Barin sa a waje tura shi daji ne.

Shigar da mutum ba tare da haɗa shi da sauran ba ma na da nasa haɗari. A Janairun 2025 jirgin yaƙi ya yi kuskuren jefa bam a kan Askarawa da 'yan sa-kai a Tungar Kara, yankin Zurmi da Maradun, inda rahotanni suka ce aƙalla mutum 16 sun rasu. Abokan yaƙi ne, amma na sama bai san inda na ƙasa yake ba.

Tarihin masarautar Zamfara ma na da abin faɗa a nan. A ƙarni na 18 Sarkin Zamfara ya ba Gobirawa wurin zama a Alƙalawa, ba a jima ba ƙarfinsu ya kai suka ci Birnin Zamfara a wajajen 1760, gidan sarautar ya yi ta ƙaura har ya zauna a Anka. Tsohon zance ne, yau Gobirawa da Zamfarawa 'yan uwa ne da wuta ɗaya ke ƙona su. Abin ɗauka kawai shi ne, sharaɗi kafin shiga ake yin sa.

Ƙofa ta uku ita ce ta ƙasashen waje. A 2019 gwamnonin Katsina da Sakkwato da Zamfara sun je Maraɗi sun zauna da gwamnan jihar kan tsaron iyaka. Juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 da takunkumin ECOWAS suka datse wannan hanya, Nijar ta haɗu da Mali da Burkina Faso suka kafa ƙawancen AES. Hedikwatar tsaron Najeriya da kanta ta danganta ƙarfin da Lakurawa suka yi a Sakkwato da Kebbi da tsayawar sintirin haɗin gwiwa a kan iyaka. Hafsoshin tsaron ƙasashen biyu sun gana a Yamai a Agustan 2024, kuma wannan ƙofa ce da bai kamata a bari ta sake rufewa ba, ko da gwamnatocin ba sa ga-maciji. A ɗaya gefen, Amurka ta kai hari ta sama a Jihar Sakkwato ranar 25 ga Disamban 2025 da amincewar Abuja, ɓaraguzai suka faɗa a Jabo da ke Tambuwal. Duk abokin da zai yi harbi a kusa da gidajen mutane, mutanen na da haƙƙin sanin sharaɗin da ya shigo da shi.

Sulhun ɗaiɗai

Akwai abu ɗaya da ƙawancen soja ba ya jurewa, shi ne wani mamba ya koma gefe ya yi sulhu shi kaɗai. Gwamnatin Dauda Lawal ta ce ba za ta zauna da 'yan bindiga ba. Kaduna ta yi sulhu a Birnin Gwari a ƙarshen 2024. A 2025 ƙananan hukumomi da dama na Katsina, irin su Jibiya da Batsari da Safana, sun yi nasu zaman.

Ba wanda zai zargi mutanen da suka gaji da binne 'ya'yansu don sun nemi sauƙi. Amma sulhun da bai karɓi makami ba, bai kuma hana mutum tsallaka iyaka ya yi ɓarna a maƙwabta ba, yana iya zama wurin hutawa ga wanda zai kai hari wata jiha ya dawo. Jiha na iya cika biliyan ɗinta duk wata, amma ta ɗora wa maƙwabciyarta nauyin da ya fi biliyan ta wannan hanya. Ko yaƙi za a yi ko sulhu, matsayar ta zama ɗaya, ko aƙalla kada a sa hannu sai maƙwabta sun san abin da ke ciki.

Abin da ya kamata a rubuta

Sanarwar bayan taro ba yarjejeniya ba ce. Jihohin Kudu maso Yamma da suka ƙaddamar da Amotekun a 2020 sai da kowace majalisar jiha ta yi mata doka. Asusun Arewa ma na buƙatar doka a kowace jiha, kuma dokar ta ƙunshi waɗannan:

Na farko, zubi ya zama kaso na kuɗin shigar kowace jiha, na tarayya da na cikin gida, a kuma lissafa abin da jihohin bakin daga ke kashewa a kan dakarunsu da 'yan gudun hijira.

Na biyu, rabo ya bi buƙata, bisa ma'aunin da aka bayyana: yawan hare-hare, yawan waɗanda aka raba da gidajensu, yawan makarantu da kasuwannin da ke rufe.

Na uku, a riƙa buga abin da ya shiga da abin da ya fita duk wata uku. Sirrin tsaro ya tsaya ga dabarun yaƙi, kada ya zama mayafin kuɗi.

Na huɗu, a ware kaso na dindindin domin iyalan Askarawa da sojoji da 'yan sandan da suka rasu, da jinyar waɗanda suka ji rauni.

Na biyar, duk wanda zai ɗauki makami da sunan ƙawancen a tantance shi, a rubuta sunansa, a haɗa shi da kwamandan soja na yankinsa ta hanyar sadarwa ɗaya, a kuma hukunta shi idan ya kashe wanda bai ji ba bai gani ba.

Na shida, dakarun jiha su samu izinin bin sawun mahara zuwa jihar maƙwabta, sulhu kuma kada a ƙulla shi a bayan idon maƙwabta.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Waɗannan abubuwa yanzu ake rubuta su, tun kuɗi bai taru ya zama abin faɗa ba.

Manomin 'Yargalma ba zai karanta sanarwar Kaduna ba, kuma bai damu da ko jihohi shida ne a ciki ko 19 ba. Tambayoyinsa kaɗan ne. Idan aka taso wa garinsu da tsakar dare daga wajen Danko-Wasagu, wa zai zo, daga wace jiha, cikin awa nawa? Idan ɗansa Askari ya faɗi a hanyar Bukkuyum, wa zai riƙe marayunsa? Idan damina ta kama, wa zai biya kafin ya shiga gona?

Ya riga ya san amsar ta ƙarshe, domin an taɓa rubuto masa ita a wasiƙa. Sauran biyun na hannun gwamnoni.